Tambayi Bakanike: Wutar cek inji, warin fetur da tankin da ya ƙi shan mai

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka dosa duk da masu su basu san juna ba, wato ɓangaren nan na mota da ke kula da tururin fetur, wanda a takardun mota ake rubutawa EVAP. Shi yasa na ware su na haɗa waje guda, sauran tambayoyin giya da na birki sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

Tambaya: Salam Oga. Corolla ce dani 2010, tokumbo ta Amurka. Kwanaki wutar cek inji ta kama, aka sa na'ura ta nuna P0456, rewaya ya goge, bayan 'yan kwanaki ta dawo, ya sake gogewa ta sake dawowa. Kuma motar lafiya lau take tafiya wlh. Yanzu yace kawai a cire ƙwan wutar ko a liƙe wajen da baƙin tef kowa ya huta. In yarda? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam dan Allah kar ka yarda. Wutar nan guda ɗaya ce tak, ita ce dai za ta gaya maka in fulogi ya mutu, ita ce za ta gaya maka in inji na cin mai ba ƙa'ida, kuma in ta fara ƙyaftawa tana nufin inji na tsallake wuta har zai iya ƙona maka katalis ɗin salansa, wanda 'yan gareji ke cewa indomi, kuma kowa ya san kuɗinsa yanzu. Ka rufe ta saboda ƙaramar matsala, ranar da babbar ta zo ba mai sanar da kai.

Bari in ɗan buɗe maka yadda abin yake sbd sauran amsoshin ma a kai za su hau. Fetur ko a zaune yake a tanki yana tashi yana zama tururi, balle a zafin garinmu. Motocin da can kawai sakin tururin suke a iska. A Amurka tun wajen 1971 doka ta hana haka, sai aka ƙirƙiro wani gwangwani baƙi na roba cike da ƙananan ƙwayoyin gawayi, shi ake kira kanista, a yawancin motocin yanzu yana ƙasan mota kusa da tanki. Gawayin yana tsotse tururin ya riƙe, kamar dai yadda iyayenmu mata ke jefa gawayi a firij ya shanye wari. To in inji ya tashi ya yi zafi sai kwamfutar mota, biren bos ɗin nan, ta buɗe wani ƙaramin bawul da ke wajen inji, bawul ɗin faj, inji ya zuƙo tururin ya ƙone shi tare da mai. Akwai bawul na biyu a jikin kanistan, na numfashi, shi yake barin iska mai kyau ta shiga ta wanke gawayin. Ka riƙe wannan da kyau: na wajen inji in ba wutar lantarki a rufe yake, na numfashi in ba wutar lantarki a buɗe yake. Sai sensa guda da ke auna matsin iskar cikin tanki, sai tiyo-tiyo da suka haɗa su, sai murfin tanki. Shikenan kayan.

Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da tsarin OBD2, wato tsarin da ake jona na'ura a karanta lambar matsalar mota, kuma a hankali aka ɗora wa motocin aikin gwada kansu ko tankin na fitar da iska. Motar takan rufe bawul ɗin numfashi, ta ɗan zuƙe iskar ciki, ta tsaya ta ga ko matsin zai riƙe. In bai riƙe ba sai ta rubuta lamba. P0455 babbar ɓula ce, P0442 ƙarama wajen milimita 1, taka kuwa P0456 ita ce mafi ƙanƙanta, wajen rabin milimita. Ka ga dalilin da yasa motar ke tafiya lafiya, ɓular da bata kai kan allura ba ba za ta hana mota gudu ba.

Me yasa take dawowa bayan kwanaki ba nan take ba? Saboda motar ba kullum take gwajin ba. Yawancinsu sai man tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin ɗari, sai inji ya huce, kuma da yawa basa yi in zafin gari ya haura wajen digiri 35. Sannan sai gwajin ya faɗi sau biyu a jere kafin wuta ta kama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 mutane da yawa a rizab suke yawo, sai mutum ya ga an goge wuta ta yi sati biyu shiru ya ɗauka an gyara, ranar da ya samu kuɗi ya sha rabin tanki sai ga ta. Ba man ne ya kawo ta ba, damar gwaji ce motar ta samu.

Abin da zaka yi, fara da murfin tanki. Cire shi ka duba robar da ke zagaye, in ta bushe ko ta tsattsage ko ta kwanta lamɓas to ta gama aiki. Goge bakin tankin da tsumma, yashi kaɗan ma ya isa ya hana shi zama. Ɗaure shi har ka ji ƙas. In zaka canza ka nemi na asali na motar ko tokumbo mai kyau, irin murfin nan na gama-gari da ake cewa yana shiga kowace mota sau da yawa shi da kansa yake kawo lambar. In an canza murfi an goge ta kuma dawo, to kar a fara sayen kaya da ka. Ka nemi garejin da ke da injin hayaki, su rufe bawul ɗin numfashi da na'ura, su tura farin hayaki a hankali cikin tiyo, matsinsa ko fam 1 a ma'aunin iskar taya baya kaiwa, sai a bi da tocila a ga inda yake fita. Minti kaɗan ne aikin. Sau tari tiyo ne ya tsage a bakin mahaɗa, ko ɓera ya ɗan gwaguya, ko robar murfin fiyel fam da ke ƙarƙashin kujerar baya, musamman in an taɓa buɗe wajen an canza fam aka mayar da tsohuwar roba a karkace. Wannan na ƙarshen ina yawan cin karo da shi sosai.

Abu biyu nake roƙo. Kar a kai motar wajen mai faci a hura mata iskar taya wai a nemo ɓula, iskar ta yi ƙarfi nesa ba kusa ba, za ta kashe sensa ta kumbura tanki. Kuma kar wani ya ce zai busa hayaƙin sigari a tiyon fetur, ko ya haska ƙasan tanki da ashana ko laita. Rai ba a wasa da shi.

Tambaya: Oga barka da aiki. Ni matsalata ban ma san yadda zan faɗa ba, duk sanda na sha mai a gidan mai sai motar ta ƙi tashi, sai na yi ta murza makulli ina taka totur mutane na ta min hon, in ta tashi sai ta yi ta rawa kamar zata mutu, bayan minti biyu ta dawo daidai. Amma da safe bugu ɗaya take tashi. An canza batir an canza fulogi an wanke nozul duk a banza. Elantra ce. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya kin faɗa daidai, kin ma fi wasu bakanikai iya bayani. Mota mai tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan shan mai, abin da nake fara zargi bawul ɗin faj ne ya maƙale a buɗe. Lokacin da ake zuba miki mai, man yana koro tururin da ke cikin tanki, ya kamata ya tafi kanista, amma tunda ƙofar inji a buɗe take sai ya cika hanyar iskar inji. Kina murza makulli mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai ta shaƙe. Taka totur ɗin da kike yana ƙara mata iska ne shi yasa a ƙarshe take tashi.

Gwajinsa ba tsada. Bakanike ya tayar da inji ya barshi a silo, ya zare soket ɗin wayar bawul ɗin, ya cire tiyon da ya taho daga tanki, ya ɗora yatsa a bakin bawul. In ya ji yana zuƙar yatsan to ya lalace, domin ba wuta bai kamata ko kaɗan ya wuce ba. Ko a ciro shi a gwada da ɗan famfon hannu a ga ko zai riƙe. Na'ura kan nuna P0441, wani lokacin P0496, wani lokacin ma ba ta nuna komai. Wanki baya daɗewa, canzawa ya fi. Amma in an ciro a bubbuga shi a tafin hannu, in baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo to gawayin kanista ne ya farfashe yake tahowa ta tiyo, in ba a canza kanistan an busa layin ba sabon bawul ma haka zai maƙale, kuɗi biyu kenan. Ki karanta amsar da ke ƙasa don ganin abin da ke farfasa shi.

Tambaya: Malam ni direba ne, Sienna nake ja Katsina zuwa Kano. Kwana biyu in na je shan mai famfo sai ya yi ta katsewa, lita biyu ƙas, lita biyu ƙas, har mai ya taso ya zubo, masu zuba mai har sun fara gudun motata. Na canza gidan mai duk ɗaya. Ni kuma dama al'adata in zan cika sai an jijjiga motar an ƙara har wuya don kar in tsaya a hanya.

Amsa: Ɗan'uwa ka kawo tambaya ka kawo amsa a layinka na ƙarshe. Wannan jijjigar ita ce ta yi maka aika-aika, kuma ba kai kaɗai ba, kusan duk tasha ka je zaka ga ana yi, wani har ya hau kan dutse da taya ɗaya don tankin ya karkata ya ƙara ɗaukar lita biyu. Na fahimci dalilin, hanya da nisa, wani lokacin layi, wani lokacin farashin gari da gari ya bambanta, mutum yana so ya ɗauki iya abin da zai iya. Amma masu ƙera tankin da gangan suka bar wuri a sama babu mai, don in rana ta buga man ya kumbura ya samu inda zai je. In ka cika wannan wurin sai ruwan fetur ya bi tiyon tururi ya gangara cikin kanista, shi kuwa gawayin tururi aka yi shi dominsa ba ruwa ba. Yana jiƙewa sai ya cushe, daga baya ya rududduge.

Ga yadda ya haɗu da katsewar famfo. Motocin Amurka daga wajen 1998 zuwa gaba an yi su ne yadda in ana zuba mai, iskar da man ke korowa ba ta bakin tanki za ta fito ba, ta kanista za ta bi ta fita ta bawul ɗin numfashi. In hanyar nan ta toshe iska bata da mafita, sai man ya taso ta wuyan tanki ya taɓa bakin famfo, famfo ya ɗauka tanki ya cika ya katse. Ba laifin gidan mai bane.

Ba jiƙewa kaɗai ke toshe ta ba. Ƙura ma babbar abokiyar gaba ce, kuma mu Allah ya hore mana ita, daga hunturu har hanyoyin ƙauye marasa kwalta. Bakin numfashin a ƙasan mota yake daidai inda tayoyin baya ke watso ƙasa, damina ta zo laka ta bushe a ciki. Akwai kuma zanzaro da gizo-gizo da ke gina gida cikin tiyon in mota ta daɗe a ajiye. Don haka kafin ka sayi komai a ɗaga motar, a cire tiyon numfashi daga jikin kanista, a duba shi a busa shi shi kaɗai a waje, a duba ɗan matacin da ke wajen in akwai. A gwada bawul ɗin: ba wuta iska ta wuce sumul, an bashi wutar batir ya yi ƙas ya rufe. In wannan duk lafiya sai a sauke kanistan. In ka ɗaga ka ji nauyi, ko fetur na ɗiga, ko gawayi na zuba, to sai canji, ba a wanke shi da ruwa ba a shanya shi a rana a ce ya dawo. Lambar da ta fi fitowa a nan P0446 ce, in matsalar waya ce ko soket kuma a wasu motocin P0449.

In zaka sayi tokumbo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tafi da tsohon a hannu a haɗa lamba da lamba, domin Sienna kala-kala ce kuma kanistan shekara da shekara yana bambanta, sannan ka jijjiga shi ka sunsuna kafin ka biya. Bayan gyara kuma, famfo na katsewa karo na farko ka ce ya isa. In mai zuba man yana son cike kuɗi ya zama dunƙule, ɗan kaɗan ba komai, amma jijjiga a daina.

Tambaya: Oga Honda Accord ce 2001, Bebi Boi. Tana warin fetur ta baya musamman da rana in na faka, na duba ƙasa ba ɗigo ko ɗaya. Na'ura ta nuna P1457, mai na'urar yace shi bai san wannan lambar ba. Daga mai karatu a Bauchi.

Amsa: Lambar Honda ce ta kanta shi yasa. A Hondojin wancan zamanin P1456 na nufin ɓular tana ɓangaren tanki da murfi, P1457 kuma tana ɓangaren kanista. A irin motarka mafi yawan lokuta bawul ɗin da ke manne a jikin kanistan ne, wanda ke rufe numfashi, tsatsa ke cinye shi. Jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishiri suke watsa wa titi lokacin sanyi, motar da ta yi shekaru a can kafin ta sauka Kwatano ko Legas ƙasanta ya riga ya sha gishiri. Sukurorin bawul ɗin ma sukan karye wajen kwancewa, bakanike ya jiƙa su da mai tukuna ya bi a hankali. A duba wuyan tanki na ƙarfe da ke bayan taya shi ma, yana ruɓewa ta sama inda ido baya gani.

Maganar wari kuma kar ka ɗauke ta da sauƙi don ba ɗigo. Tururin ne ma ke kamawa da wuta ba ruwan ba, kuma a cikinsa akwai sinadarin benzin wanda an tabbatar yana jawo cutar kansar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Yara ne ke zama a kujerar baya. Kafin a gyara kar ka kwanar da ita a rufaffen gareji kusa da janareta ko wajen girki, kuma tunda motar ta haura shekara 20 a duba layin mai na ƙarfe da saman tanki gaba ɗaya, kar a tsaya a lamba kawai.

Tambaya: Camry Mosul ce dani. Cikin dare ina jin wani ƙaramin gurnani a ƙasanta ta baya alhali a kashe take makulli na aljihuna, yayi 'yan mintuna ya daina. Gidan har an fara tsorata. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Ku kwantar da hankali lafiya lau take. Toyota da yawa na Amurka daga wajen 2005 zuwa sama suna da ɗan ƙaramin famfo a jikin kanista, wajen awa 5 bayan an kashe mota yake tashi ya gwada ko tanki na fitar da iska, littafin motar ma ya faɗa. Ba ya kashe batir mai lafiya. In famfon ya samu matsala ne zaka ga lambobi sun zo a tare irin su P043E, P043F, P2401, P2402 da P2419, kuma sau da yawa ruwa ne ko ƙura suka shige shi. Mai Corolla na Zariya, taka ma haka take yi.

Tambaya: Ina gaisuwa daga Maraɗi. Ni Peugeot 406 gare ni ta Turai. Wani bakanike ya ce wannan gwangwanin ba shi da amfani a ƙasarmu, ya cire shi ya toshe tiyon da ƙusa. Wuta bata kama ba, amma yanzu in na buɗe murfin tanki sai in ji fuuu da ƙarfi, kuma a doguwar tafiya tana rage ƙarfi. Akwai alaƙa?

Amsa: Muna amsawa mutanen Maraɗi. Akwai alaƙa ƙwarai. Motocin Turai suna da kanista da bawul ɗin faj su ma, sai dai dokarsu bata tilasta musu gwajin ɓula irin na Amurka ba, yawanci wayar bawul ɗin kawai kwamfuta ke lura da ita, shi yasa aka yi wannan aikin wuta bata ce komai ba. Amma ta wannan gwangwanin tankinka yake numfashi. Da rana tururi ya taru ba mafita, shi ne fuuu ɗin da kake ji. A doguwar tafiya kuma fam yana ta jan mai, iskar da za ta maye gurbinsa bata isa ba, sai fam ya yi ta wahala mai ya ragu a inji, in abin ya yi tsanani tanki kan lotsa ciki har gejin mai ya fara ƙarya. Ɗan huci kaɗan in an buɗe murfi ba abin damuwa bane a motoci da yawa, mai ƙarfi irin naka ne ba daidai ba.

Gwaji mai sauƙi, ranar da ta fara rage ƙarfi ka faka gefen hanya ka kashe inji, ka buɗe murfin tanki a hankali ka mayar, ka tayar. In ƙarfinta ya dawo to ka kama ɓarawon. Mafita a mayar da kanistan yadda yake, na 406 ba wuyar samu yake ba tunda motar ta cika kasuwa daga nan har Kano. Kar a ce za a cire ƙusar a bar tiyon a sake yana lilo, wannan kuma tururin fetur ne zai riƙa fita kusa da inji ko salansa mai zafi, ƙura kuma ta samu hanya kai tsaye zuwa cikin tanki ta kashe maka fam. In aka mayar a tabbatar tiyon da ke zuwa inji ta bawul ya bi, ba a haɗa shi kai tsaye ba, in ba haka ba matsalar Hajiyar Kaduna ce za ta same ka.

Masu turo tambaya dan Allah ku riƙa haɗawa da sunan mota, shekararta, ta Amurka ce ko ta Turai, da lambar da na'ura ta nuna kafin a goge. Ku ɗauki hoton allon na'urar da waya tun kafin mai ita ya danna gogewa.